Tanadi Tun Kafin Tsayuwar Wata

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ƙaddara watanni goma sha biyu, Ya fifita Ramadan a cikinsu da saukar Alƙur'ani. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, maza da mata, karatunmu na yau ya shafi wani al'amari da ke shiga kusan kowane gida idan azumi ya tsaya, ya kuma tsananta idan salla ta gabato, shi ne ƙuncin zuciya da rashin barci saboda hidimar da ta zo ba a shirya mata ba. Mai gida yana sahu a sallar asham, amma hankalinsa yana wurin tela. Uwargida tana ɗaga hannu a daren da ake fatan Lailatul Ƙadari, zuciyarta kuwa tana lissafin tufafin yara. Idan an sauko daga Idi, wasu gidajen sai a tarar an shiga sabon wata da bashi da fushi, har wani lokaci da yaji ko saki, alhali an fito daga watan rahama. Muna so mu bayyana inda wannan ƙunci yake fitowa, da matsayin tanadi a shari'a, da yadda bawa zai tsara al'amarinsa domin ibadarsa ta kuɓuta.

Tanadi ba ya saɓa wa tawakkali

Akwai masu cewa wanda ya yi tanadin gobe bai yarda da Allah ba. Wannan magana ba ta da tushe a wurin malamai. Allah Maɗaukakin Sarki Ya ba mu labarin Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, lokacin da ya fassara mafarkin sarkin Masar. Ya umurce su da su yi noma shekara bakwai a jere, su bar abin da suka girbe cikin zangarniyarsa, su ci kaɗan, domin shekara bakwai masu tsanani suna tafe. Da wannan tsari Allah Ya tserar da Masar da maƙwabtanta daga yunwa. Manomin da ke ɗaure dammunan hatsi ya jera su cikin rumbu ba tare da ya sussuka ba, a kan wannan hanya yake tafiya, ko ya sani ko bai sani ba.

Ya tabbata cikin Sahihul Buhari cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana keɓe wa iyalinsa abincin shekara guda daga dabinon Banu Nadir. Kuma da wani mutum ya tambaye shi ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai ya umurce shi da ya haɗa biyun, ya ɗaure kuma ya dogara. Babu wanda ya kai Annabi tawakkali, kuma ga shi ya yi tanadi. Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi kuwa aikin gaɓoɓi ne, mumini yana haɗa su. Abin da shari'a ta hana shi ne ɓoye abinci domin a ƙuntata wa jama'a har ya yi tsada, da kuma ɗaukar cewa rumbu ne ke ciyarwa. Wanda ya ajiye wa iyalinsa abin buƙata da niyyar ya samu natsuwar ibada, ana fatan ya samu lada a kan ajiyar.

Azumi baƙo ne mai aiko da sanarwa

Ramadan ba ya zuwa kwatsam. Tun ranar da aka sauko daga Idi an san zai dawo bayan wata goma sha ɗaya. Shekarar wata kwana 354 ce ko 355, ta gaza shekarar rana da kimanin kwana goma sha ɗaya, shi ya sa azumi yake ja baya kowace shekara, har ya zagaye damina da kaka da hunturu da bazara cikin shekara talatin da uku ko kusa da haka. A shekarar 1444 ta Hijira, wadda ta dace da 2023, an ɗauki azumi a ƙarshe-ƙarshen watan Maris. A 1445 an ɗauka kafin tsakiyarsa, a 1446 kuwa a farkonsa. Dattawa daga cikinmu sun yi azumi suna noma, sun yi shi cikin sanyin da ba a neman ruwa, sun kuma yi shi cikin zafin da ke hana barcin rana. Kowane lokaci da irin shirinsa. Azumin bazara yana buƙatar tanadin ruwa da tuluna da sassauta aikin ƙarfi da rana. Azumin damina yana zuwa lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, ga aikin gona.

Mai hankali yana duba wace irin shekara ce ke gabansa. A waɗannan shekaru azumi yana zuwa ne ƴan watanni bayan kaka, kuma wannan sauƙi ne daga Allah ga wanda ya lura. Kowa ya san hatsi da dawa da wake da gyaɗa sun fi araha lokacin da ake kawo amfanin gona, daga nan tiya ta riƙa hawa har damina. Wanda ya sayar da amfaninsa gaba ɗaya da kaka, zai koma ya sayi irinsa da tsada cikin Sha'aban. Saboda haka tun ranar ɗaurin dammuna a ware na azumi, a ware na zakkar fidda-kai, a ce wannan ba a taɓa shi. Wanda ba ya noma, idan Allah Ya hore masa, ya sayi abin da zai iya a lokacin, ko da tiya biyar-biyar ne kowace ranar kasuwa.

Abin da ba ya lalacewa shi ake fara tarawa: hatsin kunu da fura, wake na ƙosai, tsamiya, zoɓorodo, busasshen tattasai irin wanda ake kawowa daga Difa, kuka da kuɓewa, sukari, mai, da itace ko gawayi. Wake yana son kulawa saboda ƙwari, sai a zuba shi cikin jarka mai murfi ko buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure sosai yadda iska ba za ta shiga ba. Tsadar da ake kuka da ita a makon farko na azumi da makon ƙarshe tana da sababi bayyananne. Mutanen gari duka suna neman abu guda a rana guda, daga kasuwar Dole ta Damagaram har Katako da Wadata a Yamai. Duk wanda ya yi sayayyarsa da wuri ya sauƙaƙa wa kansa, ya kuma rage cunkoso ga wanda bai samu ba sai a ranar.

Lissafi da shawara a cikin gida

Mafi yawan rigimar salla tana farawa ne daga shiru. Mai gida bai faɗi abin da ke hannunsa ba, iyali suna zaton yana da shi yana hanawa, shi kuwa yana zaton ba su da tausayi. Maganin wannan shi ne zama cikin Rajab ko farkon Sha'aban. Ya kira matarsa, ko matansa, ya ce musu ga abin da Allah Ya hore bana, a raba shi kashi-kashi bisa tsarin shari'a. Ciyarwar yau da kullum wajibi ce, ita ce farko. Biyan bashin da lokacinsa ya yi yana biye. Sai zakkar fidda-kai. Bayan waɗannan ne ake maganar tufafi, da naman salla, da goron salla, da kuɗin mota. Wanda ya kifar da wannan jeri, ya fara da shadda ya ƙare da neman rancen hatsi, shi ya jawo wa kansa wahala.

Mai mata fiye da ɗaya ya ji tsoron Allah wajen adalci, domin kayan salla suna daga cikin manyan ƙofofin da Shaiɗan ke shiga tsakanin kishiyoyi da ƴaƴansu. Idan an yi maganar a fili tun da wuri, kowa ya san rabonsa, zato ba ya samun wurin zama.

Tara kaɗan-kaɗan ya fi jiran babban rabo. A ɗauki misali: wanda ya riƙa jefa dala ashirin cikin asusu kowace rana, daga washegarin salla har ƙarshen Sha'aban, zai fasa ya tarar da abin da ya haura jaka 32. Dala ashirin ba ta kai abin da wasu ke kashewa a goro ko shayi ko katin waya a yini guda ba. Mata sun riga maza gane wannan, shi ya sa suke adashe, suna tsara kwasar wasu ta faɗo kusa da azumi. Adashe ya halatta a wurin mafi yawan malamai matuƙar kowa zai karɓi daidai abin da ya zuba, babu ƙari, babu ragi. Haka watanda: ƴan unguwa su riƙa zuba kuɗi tun watanni, su sayi sa su raba naman ranar jajibiri. Sharaɗin duka biyun shi ne a danƙa wa amintacce, a kuma rubuta.

Bashi

Babu abin da ke cinye daɗin salla kamar bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umurni da a rubuta shi, a ambaci ajalinsa, a kafa shaidu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana yawan neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili ya bayyana cewa bashi yana kai mutum ga ƙarya da saɓa alkawari. An taɓa kawo masa gawa, da ya ji akwai bashi a kanta kuma mamacin bai bar abin biya ba, sai ya umurci sahabbai su yi mata salla, bai shige gaba ba har Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Wannan ba ya nufin cin bashi haramun ne. Shi kansa Annabi ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i talatin na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Sai dai mu lura da abin da ya karɓo: abinci ne na buƙata, kuma ya bar jingina. Wanda ya ci bashi domin ciyar da iyali, da niyyar biya da hanyar biya, yana cikin uzuri. Wanda ya ci bashi domin a ce ƴaƴansa sun fi na maƙwabci ado, ya sayi farin cikin yini uku da zullumin wata shida. Mafi muni shi ne rancen da ake mayarwa da ƙari, domin riba ce, kuma bai dace bawa ya yini yana barin halal saboda Allah sannan ya rufe watansa da haram ba.

Mu tuna kuma tsakanin ƙaramar salla da ta layya wata biyu ne da kwana goma kawai. Wanda ya zazzage aljihunsa a ta farko, ta biyu za ta same shi bai farfaɗo ba. Layya sunna ce mai ƙarfi a kan mai iko, kuma malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun bayyana cewa ba a neman ta daga wanda kuɗinta zai taɓa larurorinsa na shekara. Mai son yin ta cikin sauƙi ya sayi ɗan rago tun da nisa ya kiwata da harawa da dusa, kamar yadda mata da yawa suke yi a garuruwanmu, maimakon ya shiga Turaku ko kasuwar Badagishiri ana saura kwana biyu, lokacin da mai rago ke faɗin abin da ya ga dama.

Tufafi da teloli

An so mutum ya fita Idi da mafi kyawun tufafinsa. Idan sabo ya samu, madalla. Idan bai samu ba, wankakke mai tsabta ya wadatar, sallarsa ba ta ragu da komai ba. Yara su ne suka fi cancantar a faranta musu, domin zukatansu ba su jure ganin tsararsu da sabo. Babba ya haƙura da rigar bara domin yaro ya samu ta bana, wannan shi ne hali na dattako. Kuma duk wanda yake ɗinka wa ƴaƴansa, ya duba ko akwai maraya a gidan ɗan'uwansa ko maƙwabcinsa ya sa shi cikin lissafi tun farko, kada ya tuna da shi ranar da aljihu ya ƙare.

A kai ɗinki cikin Rajab ko Sha'aban. A lokacin tela yana da sarari, aikinsa ya fi kyau, kuɗinsa ya fi sauƙi. Wanda ya kai yadi ranar ashirin ga azumi, ya zalunci kansa ya kuma zalunci telan, domin ya hana shi tsayuwar dare. Ku kuma teloli, ku san iyakar abin da hannunku zai iya, ku ƙidaya kwanaki, ku lissafa da ɗaukewar wuta, idan ma'auni ya cika ku ce ya cika. Annabi ya lissafa saɓa alkawari cikin alamomin munafunci. Ribar da za a samu a riga goma na ƙari ba ta kai nauyin hawayen yaron da ya wayi gari ranar Idi kayansa suna yanke a kan tebur ba. Wannan nasiha ta haɗa da masu aikin zare, da masu wanki da guga, da masu kitso da lalle.

Haƙƙin mata cikin watan ibada

Azumi an wajabta shi a kan mata kamar yadda aka wajabta a kan maza, kuma suna da buƙatar karatu da tsayuwar dare kamar yadda maza suke da ita. Amma a gidaje da yawa mace tana tashi kafin kowa domin sahur, ta yi surfe da daka da ɗiban ruwa cikin rana, ta tsaya gaban murhu daga La'asar har Magariba, ta yi wanke-wanke lokacin da maza suke asham. Idan goman ƙarshe ta zo sai a ƙara mata soye-soyen salla. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta ba da labarin cewa Annabi yana taya iyalinsa aikin gida, kuma idan goman ƙarshe ta shiga yana raya dare yana tayar da iyalinsa. Wadda ta yini a tsaye, da wane ƙarfi za a tayar da ita?

Tanadi a nan shi ne a rage aikin tun kafin ya zo. A kai niƙa kafin wata ya tsaya, a daka yaji da kayan miya a ajiye, a tanadi makamashi, a raba aiki tsakanin ƴaƴa maza da mata, samari su ɗauki ɗiban ruwa da aiken kasuwa. A kuma rage yawan kwanukan buɗa-baki. Sunna ita ce a gaggauta buɗa-baki da dabino, idan babu da ruwa. Kunu da ƙosai da abinci guda sun isa gida. Abin da ake zubarwa da safe a wasu gidaje zai ciyar da wani gidan, kuma Allah Ya hana almubazzaranci.

Shirin ibadar kanta

Duk abin da muka ambata hanya ce, abin nufi shi ne ibada. Ita ma tana son shiri. Wanda ake bi ramuwar azumin bara ya biya kafin Sha'aban ya fita. Nana A'isha ta faɗi cewa takan rama nata cikin Sha'aban. A mazhabarmu, wanda ya yi sakaci har wani Ramadan ya shiga bai rama ba alhali yana da iko, zai rama bayan salla, kuma zai ciyar da mudun Nabiyyi guda ga miskini a kan kowane yini. Annabi ya kasance yana yawaita azumi cikin Sha'aban, kuma wanda ya bi shi a wannan zai tarar kwanakin farko na Ramadan sun yi masa sauƙi.

Masu ciwon suga, da hawan jini, da gyambon ciki, da ciwon ƙoda, su je wurin likita tun cikin Sha'aban su ji ko jikinsu zai ɗauka, da yadda za a gyara musu lokutan shan magani. Kada mutum ya canza wa kansa. Allah Ya yi rangwame ga majinyaci da matafiyi, kuma malamai sun yi bayanin hukuncin mai ciki da mai shayarwa da tsohon da ya gaza. A tambaya tun da wuri, domin wanda ya san hukuncinsa ba ya kwana cikin waswasi.

Mai son sauke Alƙur'ani ya raba shi. Izu sittin ne, izu biyu kowace rana sun kai shi ƙarshe cikin kwana talatin. Izu biyu sumuni goma sha shida ne: huɗu bayan Asuba, uku-uku bayan sauran salloli huɗu. Tun da wata yana iya yin nuƙusani ya tsaya a ashirin da tara, sai ya ɗan ƙara a kwanakin farko lokacin da himma take da ƙarfi. Wanda ba ya iya wannan ya ɗauki abin da zai dawwama a kansa, domin aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Ɗan kasuwa da ma'aikaci su tsara al'amuransu yadda goman ƙarshe za ta same su da sarari. Babbar hasara ce dare wanda ya fi wata dubu ya wuce mutum yana cinikin takalmi.

Zakkar fidda-kai

An wajabta ta a shekara ta biyu bayan Hijira, shekarar da aka wajabta azumi. Sa'i guda ce a kan kowane rai, wato mudun Nabiyyi huɗu, daga abincin da mutanen gari suka fi ci, kamar hatsi ko dawa ko masara ko shinkafa. Mai gida yana fitar wa kansa da duk wanda ciyar da shi ya wajaba a kansa, kamar matansa, da ƴaƴansa ƙanana, da iyayensa idan matalauta ne. Gida mai mutum goma, sa'i goma ke nan, mudun Nabiyyi arba'in. Wanda ya ware wannan tun kaka ba zai ji nauyinsa ba. Wanda ya bari sai daren salla, zai saya da tsada, ko ya auna cikin gaggawa ya tauye.

Lokacin da aka fi so shi ne bayan fitowar alfijir na ranar Idi kafin a tafi masallaci, kuma an yi rangwamen gabatar da ita da kwana ɗaya ko biyu. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa Abdullahi ɗan Umar yana aikawa da tasa ga mai tarawa kafin salla da kwana biyu ko uku. Hikimarta ita ce a wadatar da matalauci daga yawon roƙo a wannan rana. Saboda haka a san wanda za a ba tun da wuri, a nemi masu kamun kai waɗanda kunya ke hana su tambaya, a kai musu har gida cikin sutura. Wanda lokaci ya wuce bai fitar ba, ba ta faɗi daga kansa ba, tana nan a wuyansa har ya bayar.

Tafiye-tafiye da zumunci

Da yawa daga cikinmu suna aiki a Yamai ko Agadas, iyayensu suna Tawa ko Maraɗi ko Tasawa, wasu kuma suna ci-rani a Nijeriya ko Libiya ko Aljeriya ko Abijan. Daga Yamai zuwa Damagaram tafiya ce ta kusan kilomita 900. Mai niyyar salla a gida ya yanki tikitinsa da wuri, ya tashi da sauran kwanaki, kada ya shiga motar da aka yi wa lodi fiye da kima ranar jajibiri. Direbobi su ji tsoron Allah cikin rayukan da suka ɗauka, kada kwaɗayin sawu biyu ya sa mutum tuƙi da barci a idonsa. Mai aiko wa iyali kuɗi ya aiko tun tsakiyar wata, domin su sayi abin buƙata kafin tsada, kada tsohuwa mai azumi ta yini a layi ranar ashirin da tara. Wanda bai samu ikon zuwa ba, ya kira ya gaisa ya nemi gafara, zumunci ba ya tsaya a kan tsaraba.

Wanda ba shi da abin tanadi

Muna sane da cewa cikin masu sauraronmu akwai wanda abin da ya samu da safe shi zai ci da dare, akwai wanda gonarsa ba ta yi ba, akwai waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu. Irin wannan bawa ba a zarginsa, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da take iyawa. Wanda ba shi da abin da ya wuce abincin yininsa da na iyalinsa ranar Idi, zakkar fidda-kai ba ta hau kansa ba, shi ne ma ake ba. Ya fita Idi da abin da yake da shi kansa a ɗage, domin ba a auna karɓuwar azumi da tufafi.

Nauyin irin waɗannan bayi yana kan mawadata, kuma nan ma tanadi ya shigo. Mai fitar da zakkar dukiya ya san ranar cikar shekararsa, ya yi lissafinsa, kada ya jinkirta ta bayan ta wajaba yana jiran Ramadan alhali mabuƙata suna jira. Mai niyyar ciyarwa ko tufatarwa ya bayar tun farkon wata, domin yadin da aka ba talaka daren salla ba shi da telan da zai ɗinka masa. Mai bin bashi ya jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, idan ya yafe shi ne mafi alheri. Ƴan kasuwa su sassauta, su cika mudu, su tuna Annabi ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙin hali idan ya sayar, da idan ya saya, da idan ya nemi biya. Masu unguwanni da limamai da kwamitocin masallatai su ƙidaya gidajen marayu da zawarawa da tsofaffi tun cikin Sha'aban, domin abin da aka tara ya isa inda ya dace.

Wanda wannan karatu ya riske shi azumi ya riga ya yi nisa, kada ya ce lokaci ya wuce. Yau ya zauna da iyalinsa su yi magana ta gaskiya, ya auna zakkarsa ya ajiye gefe, ya soke abin da ba zai iya ba tun kafin ya yi alkawarinsa. Idan kuma Allah Ya kai mu washegarin salla da rai da lafiya, a ranar ne shirin baɗi yake farawa.

Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya yalwata wa masu ƙunci, Ya ba majinyata lafiya, Ya sanya albarka cikin rumbunanmu da kasuwanninmu, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar da maƙwabtanta lafiya, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.